Garejin Sabon Gida Ya Cika Maƙil, Mota Tana Kwana a Waje

Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne, amma tun ina yaro nake taɓa aikin hannu, saboda mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, kafinta ne. Wata huɗu ke nan da muka tashi daga gidan haya a Fagge muka tare a namu a Ɗanbare. Ranar tashi, duk abin da aka rasa inda za a ajiye sai a ce a kai gareji. Yanzu garejin, mai faɗin ƙafa 12 da tsawon ƙafa 20, ya cika har bakin ƙofa. Akwai kwalayen da ba a buɗe ba, da akwatunan kayan aikin marigayi guda biyu, da nawa kayan har da injin huda bango da giranda da ƙaramin injin walda. Ga ragowar kayan gini: siminti, fenti, tayil, guntayen rodi da katako. Ga tsofaffin tayoyi da baturan mota, ga janareto da jarkar fetur. Motata Corolla a waje take kwana. Makon jiya na nemi sifana mai lamba 12 na rasa, sai da na sayo wata, alhali na san ina da su. Uwargida ta ce ko in gyara ko ta kira 'yan gwangwan, kuma tana so a ba ta gefe ta sa firiza da buhunan abinci. Maƙwabta ma sun gano ina da kaya, kullum sai an aiko aro. Ga damina na matsowa. Na yi niyyar in sayo kantocin ƙarfe in jera komai. Ta ina zan fara?

Magidanci, Ɗanbare

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya alheri a sabon gida, ya sa an shiga a sa'a, ya kai haske kabarin Baba.

Ka dakata da sayen kantocin nan. In ka sayo su yau, za ka yi wa tarkace mazauni ne kawai: abin da yake zube a ƙasa zai koma sama, kuma sifana mai lamba 12 za ta ci gaba da ɓacewa. Kanta ita ce kusan ta ƙarshe a wannan aiki. Kafin ita akwai awo, akwai rage kaya, akwai gyaran ɗakin shi kansa, kuma duk wanda aka tsallake a cikinsu sai an dawo an sauke kaya an yi shi.

Fara da tef ɗin awo. Ka auna cikin ɗakin daga filasta zuwa filasta, domin abin da magini ya ce ƙafa 12 ne sau da yawa yakan gaza da 'yan inci bayan an yi shafe. Corolla tana da tsawon kusan ƙafa 15 da faɗin kusan ƙafa 6, ban da madubai. A tsawo ke nan ƙafa 5 suka rage maka: ɗaya tsakanin bayan mota da ƙofa, biyu na teburin aiki a bangon ƙurya, biyu tsakanin tebur da gaban mota. A faɗi kuwa ka bar ƙafa ɗaya da rabi a gefen fasinja, uku a gefen direba don ƙofa ta buɗe, sai inci 18 su rage. Wannan inci 18 ɗin shi ne duk filin kantarka, kuma a gefen direba za ta zauna, wato bangon hagu idan kana shiga da gaba, saboda hanyar da kake fita daga mota ita ce hanyar da za ka tsaya ka ɗauki kaya. Ka zana waɗannan layuka a ƙasa da alli da zarar ƙasan ta bayyana. Lissafin yana gaya maka abu biyu. Mota za ta shiga, amma duk lokacin da za ka yi aiki sai ta fita. Sannan abin da ɗakin zai iya riƙewa bai wuce bango ɗaya da ƙurya ɗaya ba, don haka fiye da abin da kake zato ne zai bar gidan.

Ka zaɓi ranar da ba ka da fita. Asabar ɗin ƙarshen wata ta tsaftar muhalli ta dace, tunda da ma da safe ba a zirga-zirga. Ka fara bayan asuba kafin rana ta yi zafi, ka shimfiɗa tamfol a tsakar gida, ka nemi yaro ɗaya ko biyu masu ƙarfi. Kada ka fito da abin da ba za ka iya gamawa da shi kafin magariba ba. Ka sa takalmi rufaffe da safar hannu, kuma kowane kwali ka tura shi da sanda kafin ka sa hannu a ƙarƙashinsa, domin kwalin da ya yi wata huɗu a ƙasa a sabuwar unguwa gidan kunama ne.

Kwalayen kayan gida su ne farkon fita, kuma ba su dawowa. Kwanuka, labule, littattafan yara, tsofaffin tufafi, duk a kai su cikin gida a miƙa wa uwargida ta yanke hukunci a kansu. Sau da yawa wannan kaɗai yakan buɗe kashi mai yawa na ɗakin.

Sai ragowar kayan gini, waɗanda mutane suka fi jin nauyin rabuwa da su saboda sun tuna kuɗin da suka biya. Siminti ba ya ajiyuwa. Bayan kamar wata uku ƙarfinsa yakan fara raguwa ko da buhun bai buɗe ba, balle wanda ya zauna a kan daɓe yana shan laima. Ka matsa dunƙulen da yatsa: in ya ruguje, ka yi amfani da shi cikin makon nan a ƙananan ayyukan da za mu ambata a gaba. In ya ƙi, ya zama dutse, a yi ciko da shi. Fentin ruwa da ya yi wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai ko ya tsinke ya ƙi haɗuwa bayan an juya ya lalace. Fentin mai da ya yi fata a sama ana iya yanke fatar a tace shi da tsohuwar safa. Daga kowane launi da aka shafa a gidan ka ajiye kamar lita ɗaya a ƙaramar roba mai murfi, ka rubuta ɗakin da aka shafa a jikinta. Tayil ka ajiye kwali ɗaya na kowane iri, a tsaye ba a kwance ba, domin bayan shekara biyu da wuya ka sami irinsa a kasuwa. Guntun rodi da bai kai ƙafa 2 ba na sikeli ne. Katakon da aka tare kankare da shi wajen gini, wanda ya sha siminti da ƙusa, ka fitar da shi daga gidan gaba ɗaya, shi ne abincin gara na farko.

Tayoyi suna da shekarar haihuwa a jikinsu: lambobi huɗu a gefe, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Wadda ta tsufa ko gefenta ya yi tsage-tsage ba safaya ba ce, ka ba mai faci. Da damina taya tana tara ruwa ta haifi sauro. Mataccen batirin mota kuɗi ne saboda dalmar da ke cikinsa. Ka sayar da shi yadda yake, a tsaye, kada ka yarda a zubar da ruwansa a gidanka ko a kwata, asid ne. Baƙin mai ma kada a zuba a kwata, ka tara a jarka ka kai wa bakanike. Faifan giranda su ma suna da wa'adi, yawanci shekara uku, an buga wata da shekara a zoben ƙarfen da ke tsakiya. Wanda ya wuce wa'adi, ko ya sha ruwa, ko bakinsa ya ɓantare, ka karya shi biyu kafin ka jefar don kada wani ya tsinta. Faifan da ya tarwatse yana juyawa fuska yake nema.

Kafin ka kira 'yan gwangwan, ka ware ƙarafan da kanka da maganaɗisu. Na tsohuwar lasifika ya isa. Abin da ya kama baƙin ƙarfe ne. Abin da bai kama ba, irin su wayar jan ƙarfe, alminiyam da kan famfon tagulla, ka tara shi daban, domin kilonsa ya ninka na baƙin ƙarfe sau da yawa, kuma in ka bari aka haɗa a buhu ɗaya da farashin baƙin ƙarfe za a biya ka. A auna a gabanka. In kayan sun kai cikin kura, gara ka kai su wajen dillalan tsofaffin ƙarafa a Ƙofar Ruwa ka tambayi mutum biyu ko uku. Kuma cinikin a ƙofar gida ake yinsa, ba a shigo da baƙo ya ga injin walda da janareto ba.

Yanzu akwatunan Baba. Ba ka gaya mana ko an raba gado ba. In ba a raba ba, ko an raba an manta da su, to guduma da zarto da cizal ɗin nan ba naka ba ne kai kaɗai. Mahaifiyarku in tana raye da abokan zamanta da 'yan'uwanka mata da maza duk suna da haƙƙi a ciki, ko da ba wanda ya taɓa tambaya, kuma zaman kayan a hannunka bai mayar da su naka ba. Ka buɗe akwatunan, ka jera komai a tabarma, ka ɗauki hoto, ka rubuta jerinsu. Ka kira tsohon kafinta mai amana ya yi musu kuɗi. Sannan ka sanar da magada: ko su yafe maka a fili, ko ka biya kuɗin a raba, ko kowa ya ɗauki abin da yake so a lissafa masa a rabonsa. In akwai marayu ƙanana a cikin magada, yafiya ba ta wadatar a rabonsu, ka tuntuɓi malamin da ya san rabon gado. Bayan an warware wannan ne za ka zaɓi waɗanda hannunka zai riƙa ɗauka. Ƙarfen tsofaffin cizal da magogin katako sau da yawa ya fi na yawancin sababbin da ke kasuwa, kada tsatsa ta sa ka raina su. Ka cire ƙotar katako in tana ciruwa, ka jiƙa ƙarfen a ruwan binega kwana ɗaya, ka goge da burushin waya, ka ɗauraye da ruwan da aka zuba ɗan bakin soda na girki, ka busar nan take a rana, ka shafe da mai. In ka bar shi ya bushe ba mai, kafin gobe sabuwar tsatsa ta hau. Sauran da ba za ka yi aiki da su ba, in magada sun amince, yaron da ya gama koyon kafinta bai da jarin sayen kaya ya fi akwati buƙatarsu, kuma ana yi wa marigayin fatan lada.

Naka kayan ka jera su iri-iri, sifanu wuri ɗaya, sukudireba wuri ɗaya, filaya wuri ɗaya. A nan za ka ga masu lamba 12 ɗin duka. Ka ɗauki mafi kyau ɗaya na bango, ɗaya na cikin mota. Sifanar da bakinta ya buɗe tana cinye kan noti, sukudireban da bakinsa ya murɗe yana lalata sukuru, waɗannan na sikeli ne. Masu lafiya da suka yi yawa ka zuba su a akwati guda ka kira shi akwatin aro. Wanda ya aiko, daga nan za a ba shi, kuma ba ka hana maƙwabci ba. Ka shafa fenti mai launi ɗaya a ƙotar duk kayanka, ka rataye ɗan littafi a bayan ƙofa ana rubuta wanda ya karɓa da rana. Giranda da injin walda kuwa ba a aika yaro da su. Wanda yake buƙata ya kawo aikin, ko ka je da kanka.

Abin da ka kasa yanke wa hukunci ka ba shi kwali ɗaya tak, ka rubuta kwanan wata a jiki. In damina ta wuce ba ka buɗe shi ba, ya bi sauran.

Ɗakin ya zama wayam, kuma wannan ita ce kaɗai damar da za ka duba shi da kyau. Ka bi gindin bango da kusurwoyi da jikin firam ɗin ƙofa kana neman siririn hanyar ƙasa da gara ke ginawa. Unguwannin bayan gari da yawa gonaki ne a da, kuma magina sukan binne guntayen katako a cikin ciko, don haka gara tana nan ko ba ka gan ta ba. In ka ga hanyarta, ka kira masu feshi su huda daɓe a gindin bango su ɗura magani; fesa saman hanyar kawai ba ya kai wa gidanta. Sai gwajin laima: ka manna leda mai faɗin ƙafa 2 a kan daɓe, ka rufe gefunanta da salatif, ka bar ta kwana biyu. In ƙarƙashinta ya yi gumi ko wurin ya yi duhu, ƙasan tana fitar da laima, kada ka shafa mata fenti domin zai ɓare, kuma kada ƙarfe ko kwali ko katako ya taɓa ta kai tsaye. Ka watsa bokitin ruwa a bakin ƙofa daga waje ka ga inda ya nufa. In ciki ya nufa, magini ya yi maka ɗan tudu mai tsayin inci 2 mai gangara gaba da baya, a nan ragowar simintin nan zai yi amfani. Ruwan watan Agusta da iska yake zuwa, ta ƙarƙashin ƙofa yake shiga. Ka duba silin ko akwai tabon yoyo. Bangon ka shafa masa farin fenti, yana ƙara haske sosai.

Wuta ma yanzu ake gyara ta, kafin kanta ta rufe bango. Sau da yawa gareji soket ɗaya ake sa masa, an jawo shi daga layin falo. Ka sa ƙwararren mai gyaran wuta ya jawo layi na musamman daga akwatin rabon wuta, da wayar jan ƙarfe mai lamba 2.5mm, da wayar ƙasa, da bireka tasa, har da na'urar da ke katse wuta nan take in ta fara bin jikin mutum, mai 30mA. Soket uku ko huɗu a saman tebur, ƙafa 4 daga ƙasa. Soket mai amfiya 13 iyakarsa kusan wat 3,000 ne, don haka injin walda nasa layin daban, da waya mai lamba 4mm ko 6mm gwargwadon abin da aka rubuta a jikin injin. Wajen sayen waya ka kankare bakinta da wuƙa: in cikin ya yi fari, alminiyam ce aka yi wa rufin jan ƙarfe, tana zafi tana saki a mahaɗa. Doguwar waya mai naɗi kuma ka warware ta duka kafin ka ɗora mata inji, in tana naɗe zafi take tarawa har roba ta narke. Fitila biyu dogaye na LED sun isa, ɗaya a tsakiya, ɗaya a saman tebur daf da bango don kada inuwar kanka ta faɗa a kan hannunka. In gidan yana da sola, kada a haɗa layin walda da inbata.

Janareto ba ya aiki a cikin gareji, ko da ƙofa a buɗe take. Iskar da ke kisa a hayaƙinsa ba ta da wari ba ta da launi, tana bi ta silin da ƙarƙashin ƙofa ta shiga ɗakin kwana, kuma ta sha hallaka iyali guda a dare ɗaya a ƙasar nan. A yi masa keji mai rufi da iska ke ratsawa a waje, nesa da tagogi, in fili ya ba da dama kamar ƙafa 20. Fetur ma ya bar ɗakin. Tururinsa ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasa ya bi daɓe, tartsatsin giranda kuma yana tashi ƙafa da yawa. Ka ajiye kaɗan, a jarka mai murfi mai kyau da ba a cika ta har wuya ba, a inuwa, a wurin da ke kulle, ba a jikin janareton ba. Tukunyar gas ma haka.

Wannan ya kawo mu maganar uwargida. A batun kwalaye da mota ita ce da gaskiya, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Amma buhunan abinci ba mu goyi bayan a sa su a gareji ba. Shinkafa da gari suna ɗaukar warin mai da tina, kuma ba ya fita da wanki. Hatsi yana jawo ɓera, ɓera kuma in ya ƙoshi wayoyin injin mota yake komawa ci. Firiza ma a ɗakin da ke rufe, a watan Afrilu da zafin Kano ke haura digiri 40, aiki za ta yi ta yi ba hutu, ƙurar katako ta toshe mata baya, ga shi na'urar da ke tayar da ita tana iya yin tartsatsi kusa da ƙasa inda tururin mai ke kwanciya. Sai dai a'a kawai ba amsa ba ce. Abin da take nema wurin ajiya ne, don haka mai waldar da zai yi maka kanta ya fara yin tata a sito ko a baranda ta bayan kicin, da dandamalin buhuna mai tsayin inci 6 da soket na firiza. Ka fara da nata. In aka yi haka, da wuya maganar 'yan gwangwan ta sake tasowa.

To, yanzu kanta. Da ka sayi ta kanti mai siririn ƙarfe da ke lanƙwashewa, gara mai walda ya yi maka da ƙarfen angul mai inci ɗaya da rabi. A yi guda biyu, kowace tsawon ƙafa 4, zurfin inci 16, tsayin ƙafa 6, hawa biyar. Guda ɗaya mai ƙafa 8 ba ta motsuwa ranar da kake son duba bayanta. Hawa na farko ya tashi inci 6 daga ƙasa don tsintsiya ta shiga kuma ruwa ya wuce, tsakaninsa da na biyu inci 20 don bokitin fenti, sauran inci 14. A liƙa ɗan faranti a ƙasan kowace ƙafa, a shafa jan fentin hana tsatsa kafin fentin sama. Shimfiɗar kuwa filawud mai kauri uku bisa huɗu na inci. Fallensa ƙafa 4 ne da ƙafa 8, yana ba da allo shida, falle biyu sun ba ka goma sha biyu, biyu sun yi saura. Zarto yana cin ɗan kauri a kowane yanka, saboda haka a fara yanka allunan a kasuwar 'yan katako ta Na'ibawa, a kai wa mai walda ɗaya ya yi firam a kansa. In aka yi akasin haka, ranar haɗawa za ka ga allo ya ƙi zama.

Nauyi ƙasa za ta ɗauka, bango kawai zai hana kanta faɗowa. Bulon da ake gini da shi rami ne a ciki, wani ma yashi ya fi siminti yawa, in ka rataya masa nauyi da fisha, wato robar da ake cusawa a hujin bango don ta riƙe sukuru, sai ta zare da ɓarɓashi. Ka ƙwanƙwasa ka nemi inda ba ya ƙara, wato ginshiƙi ko layin simintin da ke tsakanin bulo, ka huda a nan, ka kashe bugun injin in ka ji yana farfasa wurin, ka ɗaure saman kowace kanta a wuri biyu. Yaro zai hau ta wata rana, ka yi aikin da wannan a ranka. Masu nauyi a ƙasa: jak, injin walda, tayil. Abin da kake ɗauka kullum tsakanin ƙugu da kafaɗa. Marasa nauyi a sama. Kwali kada ya dawo ɗakin, a maye gurbinsa da robobi masu murfi, a rubuta abin da ke ciki a gefen da ido ke gani.

Tebur ƙafa 6 da ƙafa 2. Tsayinsa ka tsaya ka saki hannu a auna daga ƙasa zuwa wuyan hannunka, yawanci inci 34 zuwa 36. Samansa falle ɗaya na filawud a rage tsawonsa zuwa ƙafa 6, a raba biyu a tsaye, a haɗa da farin gam na kafintoci da sukuru daga ƙasa ya zama ninki biyu. In da katako za a yi ƙafafun, ka sani na kasuwa sau da yawa ɗanye ne. Ka jera shi a inuwa da 'yan sanduna a tsakani mako biyu ko uku, in ba haka ba zai murɗe bayan an haɗa. A shafa masa Solignum, wato maganin gara na katako, kuma ƙafafun su zauna a kan guntun tayil. Abin matse ƙarfe a ɗaura shi a kusurwa daidai saman ƙafa, da noti mai ratsawa da washa a ƙasa. Walda da yankan ƙarfe ba a kan wannan tebur ake yi ba, a tsakar gida ne, bayan an matsar da mota, domin tartsatsi yana nutsewa a gilashi da fenti ya bar ɗigo-ɗigon da ba ya gogewa.

A saman tebur ka kafa allon filawud mai rabin inci a kan katako biyu, ka jera kayan hannu a kansa a ƙasa tukuna har tsarin ya yi maka, sannan ka buga ƙusoshi ka zagaye kowane da maka. Gurbin da ya zama fanko zai gaya maka abin da bai dawo ba. Amma allo na guduma da sifana da zarto ne. Kayan lantarki da na awo a cikin akwatinsu ko kabad mai ƙofa, saboda ƙurar hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, tana shiga ramukan iskar inji ta ci gawayinsa da boris. Da damina kuma laima ce abokiyar gaba: tsumma mai ɗan mai a goge ƙarafa sau ɗaya a wata, kuma 'yan ƙunshin ƙwayoyin shan laima da ke zuwa a kwalin takalmi a jefa su a akwatunan. Batirin injin huda mai caji ba ya son zafi. Da bazara ka shigar da shi ɗaki, da rabin caji in zai daɗe a ajiye, kuma kada ya kwana a kan caja. Ƙusa da sukuru da noti a robobi masu nuna ciki, a kafe murafensu a ƙarƙashin allon kanta da sukuru biyu-biyu. Gwangwanin nan na lanƙwasassun ƙusoshi masu tsatsa da kowane gida ke da shi, kada ka ɓata yini kana tsince shi.

Tina, kananzir, maganin gara da ruwan batir a kabad mai kwaɗo, a cikin mazubinsu na asali. Kada a juye su a robar lemo ko ta ruwa, ta nan yara suke sha. In hakan ta faru, kada a sa yaro amai, kada a ɗura masa manja ko madara, domin kananzir in ya koma huhu ya fi ɓarna. Asibiti kai tsaye, a tafi da robar. A bakin ƙofa, ba a ƙurya ba, ka rataye tukunyar kashe gobara mai hoda ta kilo 6, ka riƙa duba allurarta tana kan kore, ka ajiye bokitin yashi a gefenta, domin in mai ya kama wuta, ruwa yaɗa ta yake yi. Tsummokaran da suka sha mai ko fenti a shanya su a waje su bushe, kada a dunƙule su a lungu. Uwargida ta san yadda ake zare fil ɗin tukunyar, tunda ita ce a gida da rana.

Ranar da za ka shigar da mota, wani ya tsaya ya nuna maka har ta zauna daidai kan layin allin, ƙofar gareji ta rufu, ƙofar direba ta buɗe ba ta taɓa kantar ba. Ka yi alama a gaban tayoyin gaba, ka fitar da motar, ka kafe katako mai inci 2 da 4 a daɓe a kan alamar da dogayen sukuru da fisha, don taya ta tsaya a nan kafin bamba ta kai ga tebur. A ƙarfen kanta daidai inda bakin ƙofar direba ke kaiwa, ka tsaga guntun tiyo ka sanya masa.